Kaset ɗin Tanko

Ranar da Goggo ta rasu kowa ya yi kukansa, ni ce kawai na tsaya ina shimfiɗa tabarmi. Na Allah muke, gare shi za mu koma, wannan na faɗe ta da bakina ya fi sau ɗari a ranar. Duk wadda ta shigo ta kama hannuna ta ce, "Ya haƙuri?" sai in ce, "Da godiya," amma wallahi ban ji komai ba. Ina nan kamar wadda aka yi wa allurar kashe zafi, ina ganin ana taɓa ni, ba na jin taɓin.

Goggo yayar mahaifina ce. Ta rasu ranar Talata da hantsi a gidanta na Makera, bayan ta sha koko ta ce kanta na juyawa, bari ta ɗan kishingiɗa. Kafin azahar an yi mata sutura, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta suna kakkaɓe ƙafa. Shi ke nan fa. Macen da muryarta ke kai gida uku, aka ɗauke ta cikin wuni guda.

Babbar 'yarta ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, sai da aka yayyafa mata ruwa. Autarta ta zauna bakin murhu tana ta goge tukunyar da tuni ta fita. Matan da ke sarin taliya a hannunta suka zo a jere, kowacce na cewa jiya-jiyan nan suka rabu lafiya. Mijinta, wanda muke ce wa Baffa, yana waje ƙarƙashin rumfa da carbi a hannu, yana amsa gaisuwa.

Can sai ga aminiyarta da muke kira Mama, Kirista ce 'yar kudancin jiha, sun yi maƙwabtaka shekara da shekaru kafin gari ya rabu kowa ya koma inda nasa suke. Daga Sabon Tasha ta hawo keke-napep, ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Tun daga zaure take ihu.

"Sista! Sista, haka za ki yi mini? Ko sallama babu?"

Aka zaunar da ita, aka ba ta ruwa. Da ta nutsu ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakin Goggo, inda tsohuwar rakodarta take zaune da ƙyalle a kai, ta girgiza kai.

"Allah sarki. Yau Tanko ya yi shiru."

Wasu suka murmusa cikin hawaye, wasu suka yi saurin duban ƙofa, don kada maganar ta fita waje ta iske Baffa.

Wanda bai san gidan ba zai ce wane ne Tanko. To, Goggo tana da wani kaset guda ɗaya tal, tun kafin a haife ni. Kiɗan Turawa ne, cikin wani yare da ba Turanci ba, namiji ne ke rera shi da murya kamar an shaƙe masa wuya, ga goge irin nasu, ga wani abin kiɗa mai ja da sauke numfashi kamar zugazugin maƙera. Kullum da hantsi in ta kafa injin murza taliya sai ta kunna shi, wani lokaci tana murzawa hawaye na zuba, ba ta ko sharewa. Duk dangi mun san shi da kaset ɗin Tanko. Kuma duk dangi mun tashi da labari ɗaya, wanda ba a faɗa da ƙarfi: wai Tanko wani saurayi ne da ta so kafin aurenta, shi ya ba ta kaset ɗin, shi take wa kuka shekara arba'in da ɗoriya a gidan wani.

Washegarin rasuwar babban ɗanta, Yaya, ya ja ni gefe bayan tankin ruwa. Mutum ne mai riƙo da addini, kuma yana son uwarsa, ban taɓa shakkar wannan ba.

"Ƙanwata, ke ce mai shiga ɗakinta," in ji shi. "Gobe in an yi addu'ar uku ki fito mini da kaset ɗin nan in ƙona shi. Kiɗa ne, bai kamata ya ci gaba da tashi da sunanta tana kwance ba. Ga kuma sunan da ke kansa. Tsohon nan ya haɗiye abin nan tun muna yara, ya isa haka."

Na ce, "To, Yaya."

To ɗin baki ne kawai. Ni kaɗai a duniya na san babu wani Tanko, kuma Goggo ta ɗaure ni da alkawarin kada in faɗa sai in Baffa ne ya tambaya da bakinsa. In aka ƙona kaset ɗin gobe Baffa bai tambaya ba, to an rufe ta ke nan da sunan macen da ta zauna da miji zuciyarta na wajen wani, shi kuma ya bi ta da wannan ciwon har nasa kabarin. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a san ta yadda take.

Goggo ba waliyyiya ba ce, kada wani ya ce na ce. Tana da riƙo, Allah ya yafe mata, in ka ɓata mata da ƙaramar salla za ta tuna maka da babba. Ba ta iya raɗa ba. Ba ta cin abincin da ba ita ta sa wa gishiri ba. In ta je gidan suna ta ga an ƙona shinkafa, a gaban mai jego za ta faɗa. Kuma tana da wata tambaya guda da ta addabi dangi da ita. In aka ce wance ta yi yaji, ko wance ta bar makaranta, ko za a mai da wance ƙauye wajen kakarta, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "An tambaye ta?" Har tsokanarta muke yi da shi. Wata shekara aka ɗaure ragon layya a tsakar gida yana ta kuka, autarta ta ce, "Goggo, shi ma an tambaye shi?" Ta bi ta da muciya har zaure, tana dariya tana zagi.

Ni dai ranar da tambayar ta zo kaina ban yi dariya ba. Shekara bakwai ke nan da na baro gidan mijina da jaka ɗaya. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya hana abinci, shi ya sa ba wanda ya gane abin da ya fito da ni. Ya hana ni koyarwar da nake yi, ya hana ni zuwa ko'ina, sannan ya daina yi mini magana in ban da ina kaza, miƙo kaza. Mahaifina ya ce in koma. Mahaifiyata ta ce in koma. Da na ga za a sa ni a mota na sulale na nufi Makera. Na iske Goggo tana shanya taliya a kan igiya. Ta dubi jakar, ta dube ni.

"Ke me kike so?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, sai na ce mata ban sani ba.

"To zauna har ki sani," ta ce. "Wanke hannu ki kama mini injin nan."

Wata huɗu na yi a ɗakinta. Mahaifina ya zo sau biyu, ta tare shi a zaure ta ce, "Ni na goya ka, kada ka ɗaga mini murya," ya koma. A cikin watannin nan ne wata rana da hantsi, Baffa ya fita, ta kunna kaset ɗin ta ce, "Kin san me yake cewa?"

Na ce, "Goggo, ina zan sani? Sai dai Tanko ya zo ya fassara."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ja'ira. Babu wani Tanko. Ba a taɓa yin sa ba."

Ga yadda ta ba ni labarin. Tana budurwa, lokacin da ake gina matatar mai a wajen Rido, kakanmu ne maigadin gidan wani injiniya Bature ɗan ƙasar Ajantina, suna zaune a ɗakunan bayan gidan. Matar Baturen, da Goggo ke kira Madam, ba ta da ɗa, ba ta da ƙawa, ba inda take zuwa. Miji ya fita tun safe sai yamma, ita kuwa tana cikin shingen waya da ƙofar ƙarfe. Goggo ke yi mata shara da wanke-wanke. In ta gama sai Madam ta kunna kaset ɗin nan ta rungumi iska tana rawa ita kaɗai a falo, tana ja da baya a hankali.

"Na ce wannan wace irin rawa ce, mutum na tafiya da baya kamar ya ga kare," in ji Goggo. "Ta ce sunanta tango. Rawar tango, kiɗan tango, waƙar tango."

Madam ta ɗan tsinci Hausa, Goggo ta ɗan tsinci Turancin barikin, sauran kuma da hannu. Haka ta riƙa fassara mata. Waƙa ta farko: namiji yana kuka, mace ta tafi. Ta biyu: namiji yana shan giya, mace ta tafi. Ta uku: ya shigo gida ya kira sunanta da ƙarfi, sannan ya tuna, yana roƙon tunaninta ya sake shi ya huta kamar yadda ake sakin fursuna. Gaba da baya na kaset ɗin, duk mace ta tafi.

"Sai na ce, Madam, to ina ta tafi? Ta ce, ba wanda ya tambaya."

Wata safiya bayan mijin ya fita, Madam ta aika aka kira tasi. Goggo ce ta riƙe mata jaka har bakin ƙofa. Kakanmu ya buɗe, tunda ba wanda ya ce masa kada ya buɗe. Madam ta shiga, ta matsa gefe, ta daddaɓa kujera ta ce, "Zo mu tafi."

"Ban sani ba ko wasa take," Goggo ta ce mini, idonta na kan taliya. "Ni dai na san ƙafata ɗaya na cikin motar nan. Sai Baba ya yi gyaran murya. Na fitar da ƙafata. Ta danƙa mini kaset ɗin ta taga, mota ta tashi. Ban sake jin labarinta ba."

Na ce, "Ƙasarsu kike son zuwa?"

"Ina ruwana da ƙasarsu, ko inda take ban sani ba. Tafiyar nake so. In tashi da safe in ce yau nan zan bi, babu mai cewa ina za ki, yaushe za ki dawo. Ko sau ɗaya."

Bayan 'yan watanni ta auri Baffa, lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri. Ba wanda ya tilasta mata, ita ta ce tana so, kuma har ta mutu tana cewa mutumin kirki ne. Satinta guda a ɗaki ya dawo daga aiki ya iske ta tana sauraren kaset ɗin tana kuka. Ya ce, "Wannan fa?" Ta ce, "Tango ne." Hanci a toshe, murya na rawa, shi abin da ya ji shi ne, na Tanko ne. Ya juya ya fita.

"Daga nan ya shiga zagaye," in ji ta. "Ya je wajen Baba, wane ne Tanko? Baba ya ce bai san shi ba. Ya je wajen babanki, yana yaro lokacin, ya saya masa rake, wane ne Tanko? Ya je har Rido yana tambayar masu gadi. Kowa ya ce bai sani ba, shi kuma ya ɗauka rufa mini asiri ake yi. Duk garin nan ya tambaya ban da ni da muke kwana ɗaki ɗaya. Da farko dariya abin ya ba ni. Daga baya na ji haushi, na rantse ranar da ya dube ni ya tambaye ni da bakinsa zan gaya masa. Ga mu nan."

Raina ya ɓaci, don ina son Baffa. Na ce, "Haba Goggo! Wannan ai mugunta ce."

"Mugunta ce," ta ce. "Na sani. Amma ki tsaya. In na ce masa babu Tanko, zai ce to kukan me kike yi? Me zan ce masa? In ce ba ka yi mini komai ba, ka ciyar da ni, ka tufatar da ni, amma kullum ina tuna ƙafata a cikin mota? Gara ya yi kishi da mutum. Mutum ana iya jin haushinsa."

A nan ta ɗaure ni. In ta riga shi tafiya ya tambaye ni, in gaya masa duka. In bai tambaya ba, in bar shi da Tankonsa.

Sau ɗaya aka taɓa yin rigima a fili kan kaset ɗin, ina ƙarama amma ina tunawa. Shekarar da aka rufe masaƙa ne, Baffa ya koma wuni a gida, ba aiki ba wajen zuwa, kuma kullum da hantsi sai mutumin nan ya fara kukansa ta taga. Rannan ya shiga ɗakin ba sallama, ya fizge kaset ɗin ya zaro zaren ya watsar a tsakar gida. Goggo ta fito. Ta durƙusa ta tattara, ta yanke inda ya tauye da reza, ta haɗa bakin da jan farce, ta sa biro ta naɗe shi tsaf. Sati uku ba ta yi masa magana sai ta bakin yara: ku ce wa babanku ga tuwo, ku ce wa babanku ruwa ya ƙare. Ana nan sai aka wayi gari da sabuwar rakoda a bakin ƙofarta cikin leda, da batura. Ba wanda ya ce shi ya ajiye, ba wanda ya yi godiya. Ita ce rakodar da ke kan taga har yau. Tun daga ranar, in waƙa ta uku ta zo wajen ɗinkin sai ta yi tsalle, mawaƙin ya fara kalma bai ƙarasa ba.

Waƙa ta ukun nan ita ta fi so, kuma ita ta fi fassara mini lokacin da nake ɗakinta. Bayan roƙon da namijin ke yi, in kiɗan ya sauka, sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Ji nan, ji nan. Yana cewa ta isa wani gari a bakin ruwa. Ta kama ɗaki ɗan ƙarami. Ta sayi tukunya ɗaya da cokali ɗaya. Ta kwanta ta yi barci har hantsi, ba wanda ya tashe ta." Na ji wannan baitin ya fi sau hamsin. Ranar da na je na karɓi takardata, na koma koyarwa, na kama ɗaki a Unguwar Mu'azu, shi nake maimaitawa a zuciyata. Har tukunya ɗaya na saya.

To, bayan Yaya ya yi mini maganar ƙonawa, da aka yi azahar mata sun ɗan ragu, na shiga ɗakin Goggo na tura ƙofa. Zaninta na kan igiya, carbinta na kan filo, ɗakin na ƙamshin man zafin da take shafawa a gwiwa. Na ce in har za a ƙona shi gobe, bari in ji abin da ke ciki da kaina. Na rage murya sosai, na kara wayata a bakin rakodar, wayar ta riƙa rubuta kalmomin tana juya mini su zuwa Turanci. Abin mamaki, Madam ba ta yi ƙarya ba, Goggo ma ba ta manta ba. Ga namiji yana kuka, ga giya, ga kiran suna a gidan da babu kowa, ga roƙon a sake shi. Na jira garin bakin ruwa. Kiɗa ya sauka, mawaƙin ya sake maimaita kukansa, waƙa ta ƙare. Na mayar da shi baya, na sake. Na juya kaset ɗin na bi ɗaya gefen. Babu gari, babu ɗaki, babu tukunya. Ko sau ɗaya mutumin bai faɗi inda matar ta je ba. Goggo ce ta ƙara.

Na zauna a bakin gadonta ina kallon bango. Ashe a kan baitin da babu shi na karɓi takardar sakina. Na jira in ji haushi, ko in ji daɗi, ko hawaye su zo, ba abin da ya zo. Na cire kaset ɗin na sa a jakata, na fita na ci gaba da zuba wa baƙi ruwa.

Ran uku da safe aka yi addu'a, aka raba waina da gumba, mutane suka fara watsewa. Yaya ya hango ni ya yi mini alama da ido. Ina laluben abin da zan ce masa sai autar Goggo ta zo ta ce Baffa na kirana.

Na iske shi a zaure shi kaɗai, a kan buzunsa, ya rame cikin kwana ukun nan har hularsa ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yata," ya ce, "ke ce ta fi sakewa da ke." Ya ja carbi ɗaya, biyu. "Ya zo kuwa?"

"Wa, Baffa?"

"Shi." Bai dube ni ba. "Kwana uku ina duba fuskar duk dattijon da ban sani ba. Na ce in ya zo a nuna mini shi in ba shi hannu. Shi ma ai an yi masa rasuwa."

Na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, karo na farko tun ranar Talata. Na ce, "Baffa, tambaya kake yi?"

Ya ce, "Tambaya nake. Wane ne Tanko?"

Na gaya masa. Na faɗi Madam, da rawar baya-baya, da sunan kiɗan, na maimaita masa kalmar sau biyu a hankali, tango, tango. Na ga leɓensa na motsi yana gwada ta. Na faɗi tasi, da ƙafa ɗaya a cikin mota, da gyaran muryar kakanmu. Na faɗi rantsuwar da ta yi. Ban rage komai ba, tunda duka ta ce.

Bai yi salati ba, bai yi kuka ba. Ya zauna yana kallon ƙofar gida.

"Babu kowa ke nan."

"Babu kowa, Baffa."

"Tafiya kawai take so."

"Ita take so."

"Amma ta zauna."

"Ta zauna."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Har Rido na je," ya ce. "A ƙafa na dawo rannan. Ga ta nan a ɗaki."

Daidai nan Yaya ya leƙo da ashana a hannu. "Baba, dama kaset ɗin nan ne na ce a kawo a—"

"Ɗauko mini rakodar uwarka."

Yaya ya tsaya. "Baba, yau uku fa. Mutane na waje."

"Na san ko yau nawa. Ni na saye ta, ɗauko mini."

Ya kawo ya ajiye, ya koma bakin ƙofa ya tsaya, bai fita ba. Na ciro kaset ɗin daga jaka na sa, na kai shi waƙa ta uku. Zugazugin ya ja numfashi, mutumin ya fara. Shekara arba'in da ɗoriya Baffa na jin muryar nan ta taga yana tashi ya bar gidan, yau ya matso da kunnensa.

"Me yake cewa?"

"Yana cewa matarsa ta tafi. Ya shigo gida ya kira sunanta da ƙarfi, sannan ya tuna ba ta nan. Yana roƙon tunaninta ya sake shi."

Baffa ya gyaɗa kai a hankali. "Jiya na kira ta," ya ce. "Na ce a miƙo mini buta." Ya dubi rakodar. "Ashe tawa ce waƙar."

Kaset ya zo wajen ɗinkin jan farce ya yi tsallensa, kalmar ta yanke. Baffa ya runtse ido, ya san wanda ya yi wannan. Kiɗan ya fara sauka. Sai ya juyo, ya dube ni sosai, ya yi tambayar da Madam ta ce ba wanda ya yi.

"Ita fa? Ina ta tafi? Ya faɗa?"

Wayata na cikin jaka, na san abin da ta nuna mini jiya. Na ɗaga yatsa yadda Goggo ke yi.

"Ya faɗa, Baffa. Ji nan. Ta isa wani gari a bakin ruwa. Ta kama ɗaki ɗan ƙarami. Ta sayi tukunya ɗaya da cokali ɗaya. Ta kwanta ta yi barci har hantsi, ba wanda ya tashe ta."

Ban ƙarasa da murya mai kyau ba, don a nan ne kukan ya same ni, na kwana uku gaba ɗaya. Yaya ya mayar da ashanar aljihu ya zauna a dokin ƙofa.

Baffa ya ɗaga tafukansa. "Allah ya sa haka ne," ya ce. "Allah ya yafe mata, ya yafe mini. Ya yalwata mata inda take, ya sa ta huta."

Muka ce amin. Ya sauke hannu ya dafa rakodar.

"Bar mini ita a nan. Ki nuna mini inda ake dannawa."